Kwangilar Gwamnati da Kayan Gini Masu Ƙarancin Hayaƙi a Arlit da Garuruwan Yuraniyom

Gabatarwa

Duk ajin makaranta da gidan magani da rumfar kasuwa da hukuma ta gina, da kuɗin jama'a aka gina su. Kafin a kafa tubali na farko, akwai takarda da aka rubuta wadda ta faɗi irin kayan da za a yi ginin da su. Wannan takarda ita ke yanke hukunci ko za a ɗauko siminti daga nesa, ko za a yi aiki da ƙasa da dutsen da ke kusa. Wannan darasi zai bayyana yadda gwamnatoci ke amfani da ƙarfin sayayyarsu domin rage hayaƙin da kayan gini ke jawowa, da kuma abin da hakan ke nufi ga Arlit da Akokan da sauran garuruwan jihar Agadas. A waɗannan garuruwa akwai wani sharaɗi na musamman: dole a auna kayan gida kafin a yi gini da su.

Sababbin kalmomi

- Iskar kabon: iska ce marar launi da ke fita idan an ƙona gawayi ko man fetur ko gazuwal. Idan ta taru a sararin sama tana riƙe zafin rana, duniya ta ƙara ɗumi. A wannan darasi ita muke nufi da hayaƙi.
- Sayayyar gwamnati: duk abin da hukuma ta saya ko ta ba da kwangilarsa da kuɗin baitulmali.
- Takardar sharuɗɗa: takardar da hukuma ke rubutawa domin ta bayyana wa ƴan kwangila aikin da take so da kayan da ta yarda da su.
- Tururin yuraniyom: wani ƙarfi ne da ke fita daga dutsen yuraniyom da sharar da ya bari. Ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jin warinsa, sai na'ura ke gano shi. Idan mutum ya daɗe a cikinsa yana iya jawo cutar kansa.

Yaya ake ba da kwangilar gwamnati a Nijar?

Doka ba ta bar wa shugaban ma'aikata damar ba da aiki ga wanda ya ga dama ba. A shekarar 2002 Nijar ta fito da kundin dokokin kwangilar gwamnati. A 2005 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta shimfiɗa ƙa'idoji na bai ɗaya ga ƙasashenta. A 2022 aka sake sabunta kundin na Nijar, hukumar sa ido da aka sani da ARMP kuma ta koma ARCOP.

Ginshiƙan waɗannan dokoki uku ne. Na farko, duk ɗan kwangilar da ya cika sharuɗɗa yana da damar neman aiki. Na biyu, a yi wa masu nema adalci, ba fifiko na ɓoye. Na uku, a yi komai a fili. Saboda haka hanyar da aka fi so ita ce hukuma ta yi shela, masu nema su kawo farashinsu a rufe, a buɗe a gabansu, a zaɓi wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi dacewa.

Ƙa'idojin UEMOA na 2005 sun kuma yarda a ba kamfanonin ƙasashen ƙungiyar fifiko wanda bai wuce kashi 15 cikin 100 na farashi ba. Wannan ya nuna cewa doka ta san akwai abin dubawa ban da araha. Abin da ake bukata shi ne a rubuta shi tun farko a takardar sharuɗɗa, kowa ya gani.

Ina hayaƙin yake a cikin gini?

Bango ba ya hayaƙi, amma an yi hayaƙi kafin a samo abin da aka gina shi da shi. Siminti ana yin sa ne daga dutsen farar ƙasa da yumɓu, waɗanda ake gasawa a babban murhu mai zafin digiri 1,450. Hayaƙi na fita ta hanya biyu: daga makamashin da ake ƙonawa, da kuma daga dutsen kansa yayin da wuta ke gasa shi. Fiye da rabin hayaƙin daga dutsen yake fitowa, don haka ko an sauya makamashi ba a rabu da shi duka ba.

A ƙiyasi, kowane tan na siminti yana jawo kimanin kilo 600 na iskar kabon. Ke nan buhu ɗaya mai kilo 50 yana jawo kimanin kilo 30. Masana'antun siminti na duniya su ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Ƙarfe ma haka yake: tan ɗaya na rodi yana jawo kusan tan 2. Bayan wannan akwai gazuwal ɗin da manyan motoci ke sha wajen kai kayan inda ake gini.

Tubalin ƙasa da rana ta busar ba a gasa shi da wuta ba, ba a kuma yi doguwar tafiya da shi ba. Shi ya sa hayaƙinsa kaɗan ne ƙwarai. Jan bulo da ake gasawa da itace ba ya cikin wannan lissafi, domin yana cin itatuwa a ƙasar da itace ya yi ƙaranci.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Gwamnatoci na cikin manyan masu sayen siminti da ƙarfe, saboda su ke gina hanyoyi da gadoji da makarantu. Babban mai saye kuwa idan ya ce ga abin da yake so, kasuwa takan bi shi. Hanyoyi uku aka fi bi.

Hanya ta farko ita ce sa iyaka. A 2017 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka cewa ƙarfe da gilashin da za a sa a ayyukan jihar kada hayaƙinsu ya wuce wani mizani. Kamfani sai ya kawo takardar shaida mai nuna yawan hayaƙin da kayansa suka jawo. Faransa ma tun watan Janairu na 2022 ta sa iyaka ga hayaƙin kayan da ake gina sababbin gidaje da su.

Hanya ta biyu ita ce rangwame wajen kwatanta farashi. A ƙasar Holan, tun 2009 hukumar layin dogo ta soma ba da fifiko ga kamfanonin da suka rage hayaƙi. Ga misali da lissafi: a ce ɗan kwangila na farko ya nemi sefa miliyan 10, na biyu ya nemi miliyan 10 da rabi amma da kaya masu ƙarancin hayaƙi. Idan takardar sharuɗɗa ta ba irin waɗannan kaya rangwamen kashi 10 cikin 100, za a ƙidaya farashin na biyu kamar miliyan 9 da dubu 450 ne, sai ya ci aikin. Kuɗin da za a biya shi kuwa miliyan 10 da rabin da ya nema ne.

Hanya ta uku ita ce a faɗi kayan kai tsaye, a ce bangon wannan gini da bulon ƙasa za a yi shi. Wannan hanya ta fi sauƙi ga ƙaramar hukuma wadda ba ta da masana lissafin hayaƙi.

A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gyaran sayayyar gwamnati cikin muradun ci gaba mai ɗorewa. A 2021 hukumarta ta masana'antu, UNIDO, tare da ƙasashe irin su Birtaniya da Indiya da Jamus da Kanada, suka kafa wani shiri domin gwamnatoci su riƙa sayen siminti da ƙarfe masu ƙarancin hayaƙi.

Me ya sa wannan ya shafi Arlit?

Mai karatu zai iya cewa: hayaƙin da Nijar ke fitarwa ƙanƙane ne ƙwarai idan aka kwatanta da na ƙasashe masu masana'antu, to, mene ne namu a ciki? Gaskiya ne. Amma a Arlit abin da ke rage hayaƙi shi ne kuma ke rage kashe kuɗi, ya rage zafin ɗaki, ya samar da aiki.

An kafa garin Arlit a 1969 saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAIR, wanda aka kafa a 1968, ya soma fitar da ma'adini a 1971. Kamfanin COMINAK, wanda garin Akokan ya girma a gefensa, ya soma a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Wutar lantarkin da ma'adinan da garuruwan Arlit da Agadas da Cirozerin suka daɗe suna dogara da ita tana fitowa ne daga gawayin ƙasa da kamfanin SONICHAR ke ƙonawa a Anu Araren tun 1981.

Arlit na da nisan kilomita kimanin 240 arewa da Agadas. Masana'antar siminti ta Malbaza, a jihar Tawa, ta fi kilomita 700 daga Arlit. Kowane buhu da ya bi wannan hanya yana zuwa ne da kuɗin mota a kansa, kuma mafi yawan kuɗin da aka biya ba ya zama a gari. Tubali kuwa a nan ake kwaɓa shi, ladan aikinsa yana shiga aljihun magina da leburori da masu amalanke na gari.

Batun zafi ma ba ƙarami ba ne. A bazara zafin Arlit yana wuce digiri 40. Aji mai siririn bulon siminti da rufin kwano yakan zama kamar tanda da tsakar rana, yara su kasa karatu. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ya sake shi da dare, ɗaki ya zauna da sanyi ba tare da na'ura ba.

Bukatar gini kuwa tana da yawa. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aka rasa aƙalla 25. A lokacin hukumomi sun ƙiyasta azuzuwan zana kimanin 36,000 a ƙasar da ke jiran a maye su da gini. Irin kayan da aka zaɓa shi zai nuna azuzuwa nawa kuɗin da ke hannu za su iya ginawa.

Ginin ƙasa: abin da aka gada da abin da aka gwada

Da tsohuwar zuma ake magani. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta a ƙarni na 16, aka sabunta ta a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Matsalar soro na gargajiya ita ce azara. Rufi ɗaya yana cin goruba da yawa, goruba kuwa tana daɗewa kafin ta girma. Domin magance wannan, ƙungiyar Development Workshop ta shigo da fasahar gini ba itace, wadda asalinta daga kudancin Masar ne. Ana yin rufin da ƙananan tubala kawai, a siffar baka ko tulluwa, ba azara, ba kwano, ba rodi. An soma gwada ta a Cikal, kusa da Filinge, a 1980. Daga baya a cikin shekarun 1980 aka kai ta Iferwan, gabas da Arlit a duwatsun Abzin, cikin aikin kare gandun Abzin da Tenere, aka horar da magina na yankin. A 1998 shirin ya sami lambar yabo ta duniya kan muhalli. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a jihar Agadas.

Akwai kuma bulon ƙasa matsattse. Ana tankaɗe ƙasa, a haɗa ta da ɗan siminti, kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse ta a injin hannu, a bar ta ta bushe a inuwa. Yana fita da kusurwoyi daidai kuma yana jure ruwa fiye da tubali. Da irinsa aka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa a 2018, aikin Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, inda tsohon masallacin ya koma ɗakin karatu.

Duk da haka ba a cewa a bar siminti gaba ɗaya. Gada da rijiya da tankin ruwa da harsashin gini suna bukatarsa. Manufar ita ce a sa shi inda ya zama dole, a bar wa ƙasa da dutse sauran.

Hattara: ba kowace ƙasa ce ta gini ba

A wasu garuruwa shawarar a yi aiki da kayan gida ta wadatar. A Arlit da Akokan ba ta wadatar ba. Shekaru da dama ana tara duwatsun da aka haƙo daga rami da sharar da ta rage bayan an tace yuraniyom. Ma'adinin COMINAK kaɗai ya bar shara kimanin tan miliyan 20.

A 2003 cibiyar awo ta CRIIRAD daga Faransa, bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit wadda Almustafa Alhasan ke jagoranta, ta sami tarkacen ƙarfe mai tururi ana sayarwa a gari. A 2007 aka gano duwatsun ma'adini masu tururi a titin Akokan, inda aka yi ciko da su. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi awo a titunan Akokan, ta sami wurin da tururin ya ninka na ƙasa ta yau da kullum kusan sau 500. Bayan haka aka shiga bin tituna da gidaje da na'ura ana kwashe abin da aka samu.

Haɗarin ya fi tsanani a cikin ɗaki. Dutse ko ƙasar da ke da yuraniyom suna fitar da wata iska mai suna radon. A fili iska na kwashe ta, amma a rufaffen ɗaki takan taru, masu kwana a ciki su riƙa shaƙa. Iskar radon tana cikin manyan abubuwan da ke jawo kansar huhu, bayan taba. Ajin da aka gina da irin wannan ƙasa ya rage hayaƙi, amma ya sa yara cikin haɗari. Rigakafi ya fi magani. A 2016 Nijar ta kafa hukumar ARSN domin kula da kare jama'a daga irin wannan tururi.

Abin da ya kamata takardar sharuɗɗa ta ƙunsa

1. Sunan kududdufi ko wurin da za a ɗebo ƙasa da yashi da tsakuwa da dutse, tare da takardar awo mai nuna ba su da tururi fiye da kima.
2. Hani a fili ga duwatsun rami da sharar ma'adini da tsohon ƙarfe ko bututun da ba a auna ba.
3. Izini ga ɗan kwangila ya kawo tayin tubali ko bulon ƙasa ko dutse. Takarda da yawa sukan ambaci bulon siminti kaɗai, sai ƙofa ta rufe ga saura.
4. Yawan buhunan siminti da nauyin rodin da kowane mai nema zai yi amfani da su, domin a kwatanta.
5. Harsashi na dutse ko kankare wanda ya ɗaga bango daga ƙasa, da indararo mai kyau, da yaɓe.
6. Lissafin kuɗin gyara na shekaru masu zuwa tare da kuɗin gini. Araha ba ta ado.
7. Rarraba babban aiki gida-gida domin ƙananan ƴan kwangila da ƙungiyoyin magina su iya nema.
8. Awo na ƙarshe a cikin ɗakuna kafin hukuma ta karɓi makulli.

Matsalolin da za a yi la'akari da su

Ruwa shi ne abokin gabar ginin ƙasa. Ruwan sama a Arlit bai kai milimita 100 a shekara ba, amma idan ya zo yakan zo da ƙarfi. A watan Satumba na 2009 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Agadas. Don haka kada a yi gini a hanyar ruwa, kuma a riƙa duba yaɓe da indararo kafin kowace damina.

Ruwan kwaɓa ma abin lissafi ne, domin ruwan Arlit daga tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa yake, wanda damina ba ta mayar da shi yadda ake ɗibarsa. Ginin tulluwa kuma yana bukatar magini da ya sami horo, domin kuskure a rufi na iya jawo rushewa. Sannan akwai masu ganin ginin ƙasa alamar talauci ce. Wannan tunani yakan sauya idan mutane suka ga hukuma da kanta ta gina ofis ko makaranta mai kyau da ƙasa.

Rawar da jama'a za su taka

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai domin ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar. Ginin da aka yi da kuɗin jama'a, jama'a na da hakkin sanin yadda aka yi shi. Wanda ya koyi karatu zai iya yin waɗannan:

- Ya karanta shelar kwangila da ake liƙawa a ofishin hukumar gari, ya karanta wa maƙwabta.
- Ya karanta allon da ake kafawa a wurin aiki, ya rubuta sunan aikin da kuɗinsa da wa'adinsa.
- Ta hannun kwamitin makaranta ko na gidan magani, ya tambayi inda aka ɗebo ƙasa da tsakuwa, ya nemi ganin takardar awo.
- Idan magini ne, ya shiga ƙungiya mai rajista domin su iya neman aikin hukuma.
- A gidansa ma, kada ya sayi ƙarfe ko ciko da ya fito daga wurin ma'adini.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne gine-ginen hukuma aka yi a unguwarku cikin shekaru 5 da suka wuce, kuma da wane kaya?
2. Idan aji ɗaya ya ci buhun siminti 200, kilo nawa na iskar kabon ke nan?
3. Daga ina masu amalanke ke ɗebo ƙasar gini a garinku? An taɓa auna wurin?
4. Magina nawa kuka sani da suka iya rufin tulluwa, kuma wa zai gaje su?